Yadda ake wanke kayan tiyata tun daga kan tebur har su koma diram

Salamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya, musamman ƙannenmu da ake turawa tiyata ko ɗakin haihuwa a ce musu "ku je ku wanke kaya" babu wanda ya tsaya ya nuna musu yadda ake yi. Nima haka aka yi min. Satina na biyu a tiyata, a wani asibiti da ba sai na kama suna ba, na wanke setin tiyatar haihuwa na naɗe na sa a otokilef, wato injin da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi, tef ya fito da baƙin zanensa ras, ina ta jin kaina na iya aiki. Da safe sista ta buɗe setin, ta ɗauki atari fosef, ƙarfen nan mai kama da almakashi da ake matse jijiyar jini da shi, guda ɗaya ta ware shi ta ɗaga saitin taga, ta ce "ke 'yar nan zo ki gani". Busasshen jini ne baƙi ƙirin maƙale a mahaɗar fosef ɗin, wajen da ƙarfe biyun suka sarƙe. Ta ce "wannan dafa shi kika yi, ba ki wanke ba". Setin gaba ɗaya aka maida baya, ranar ban iya haɗa ido da kowa ba.

Abin da sista take nufi shi ne tururi ba ya kashe ƙwayar cutar da bai taɓa ba. In jini ko kitse ko mugunya suka bushe a jikin ƙarfe sun zama rumfa kenan, ƙwayar cuta tana ƙarƙashi a zaune lafiya lau, kai kuma kana can kana kallon mita kana cewa zafi ya kai. Shi ya sa duk tsadar injin da asibitinku ya saya, mai burushi a bakin sinki shi ne ke riƙe da aikin, kuma abin haushi shi ne wanda aka fi rainawa.

Kafin mu shiga aikin bari mu raba kaya, don ba komai ake yi wa abu iri ɗaya ba. Wani masani ɗan Amurka, Earle Spaulding, shi ya kasa kayan asibiti gida uku kuma har yau da rabon nasa ake aiki. Akwai wanda ke shiga cikin nama ko jini, irin su fosef, almakashi, nidil holda (mariƙin allurar ɗinki), ritirakta (ƙarfen ware nama), mariƙin reza, waɗannan dole a kashe komai a jikinsu har ƙwayoyin nan masu sulke da ake kira sifo, wato sitaralaizin. Akwai wanda ke taɓa laimar jiki kamar cikin baki ko gaban mace amma ba ya huda nama, irin sifekulum na duba gaban mace da bakin laringoskof na duba maƙogwaro, wannan ko a yi masa sitaralaizin ko aƙalla kashe ƙwayoyi mai ƙarfi. Na uku wanda lafiyayyar fata kawai yake taɓawa, kamar abin awon jini da sitetoskof, gogewa da maganin kashe ƙwayoyi ta ishe shi. Mu yau na farkon ne a gabanmu.

Na farko, kare kanka

Kar ka tunkari sinki da siririyar safar nan ta duba marar lafiya, tsinin tawul kilif (ƙarfen maƙale ƙyallen tiyata) kaɗai ya isa ya huda ta. Safar roba mai kauri da ta kai gwiwar hannu, efuron na roba, takunkumi, gilashin kare ido ko garkuwar fuska, hula, da takalmi rufaffe ko but. Na san zafi, na san watan Afrilu ɗakin wanki kamar tanda yake, amma ruwan wankin nan da ke fantsama ruwan jinin mutane ne. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a busasshen jini tana nan da ƙarfinta, kuma ta fi ƙanjamau saurin kamawa nesa ba kusa ba, ga Lassa da ke zagayowa duk rani. In ba ka yi allurar rigakafin hanta ba, guda uku ce, je ka yi kafin ka ci gaba da wannan aikin. In kuwa tsautsayi ya faɗa wani abu ya soke ka, cire safa ka wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu, kar ka matse kar ka tsotsa kar ka zuba Jik, wato bilic mai kulorin, ka kai rahoto nan take don maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kuma gara a awannin farko.

Na biyu, wanki daga kan tebur yake farawa

Nas ɗin da ke miƙa wa likita kaya ita ce mai wankin farko. Duk abin da likita ya dawo mata da shi ta goge jinin da gozi mai laima, amma laimar ta tsaftataccen ruwan sitaral ce, banda nomal salin. Wannan kuskuren ya yi yawa don salin ne kullum a kusa, alhali ruwan gishiri ne, yana cin ƙarfe yana yi masa ƙananan ramuka, ramukan nan kuma su ne maɓoyar datti daga baya. Bakin sakshan, wato bututun zuƙe jini, da duk wani abu mai rami a riƙa zuƙar ruwa ana wuce da shi lokaci lokaci kar jini ya daskare a ciki.

Ana gama aiki sai a ƙirga kaya, sannan a cire duk abu mai kaifi tun a nan. Reza a zare ta daga mariƙinta da nidil holda ko fosef, ba da yatsa ba, a jefa a sefti bos tare da allurai, shi kuma sefti bos in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi. Don Allah kar a turo wa mai wanki tire da reza a ciki, mutum ya zura hannu cikin ruwan kumfa bai san abin da ke jiransa ba. Sai a ware bakin duk wani abu mai mahaɗa, masu nauyi a ƙasa masu laushi a sama, a lulluɓe da tawul mai laima ko a fesa musu kumfar enzayim in akwai, a sa a mazubi mai murfi a kai ɗakin wanki da wuri. Abokin gabanka a nan shi ne bushewa, kuma lokacin hunturu kafin ka juya jini ya ƙame kamar fenti.

Maganar Jik

Nan zan ɗan daɗe don na san za a yi min musu. Yawancinmu abin da aka koya mana a makaranta shi ne ana gama aiki a tsoma kaya a ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari na minti 10, wato in bilic ɗinka kashi 3.5 ne, awo ɗaya na bilic awo shida na ruwa. Shekara da shekaru a kan haka muke, ana ce mana don kare mai wanki ne. To a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan sarrafa kayan asibiti, ta ce a daina jiƙa kaya a kulorin kafin wanki. Dalilan kuma duk wanda ya yi aikin ya gan su da idonsa. Kulorin na cin ƙarfe, shi ya sa almakashinmu ke dakushewa fosef na yin tabo-tabo wata shida da saye. Jini da datti suna kashe ƙarfin kulorin ɗin, bokitin da aka haɗa da safe aka yi ta tsoma kaya zuwa azahar ba magani ba ne kuma, romon ƙwayoyin cuta ne. Ga shi yana sa mai wanki ya saki jiki ya ɗauka kayan sun zama lafiya ya cire safa. Kuma mu faɗi gaskiya, wa yake tsayawa a minti 10? Sai a tsoma a tafi sallah, a dawo a ci abinci, wani lokacin ma kaya su kwana a ciki.

Ni ra'ayina a bar kulorin wa goge ƙasa da tebur da inda jini ya zube, can ne wurin aikinsa. In kuma dokar asibitinku har yanzu tana kan tsohon tsari kuma kai ƙaramin ma'aikaci ne ba ka da ta cewa, to aƙalla ka sa agogo, minti 10 na cika ka tsame ka ɗauraye nan take, ka haɗa sabo kullum, sannan ka kai maganar gaban kwamitin hana yaɗuwar cuta na asibitin cikin ladabi.

Na uku, wankin kansa

Ɗakin wanki hanya ɗaya yake bi, kaya su shigo ta ɓangaren datti su fita ta ɓangaren tsafta, ba komawa baya. Ko ɗaki ɗaya gare ku raba shi, ko da layin fenti ne, kar a ajiye wankakken tire inda aka sauke mai jini. Sinkin wankin kaya daban na wanke hannu daban, kuma ana son biyu, ɗaya na wanki ɗaya na ɗauraya, in babu a samu manyan robobi biyu masu zurfi.

Fara da ɗauraye kayan da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi. Ruwan zafi a kan jini kamar ka fasa ƙwai a tafasasshen ruwa ne, dafewa yake ya manne, daga nan sai ka sha wuya. Sai ka haɗa ruwan sabulu. Wanda ya fi shi ne sabulun enzayim da aka yi don kayan tiyata, yana narkar da jini da kitse, ka auna shi daidai yadda aka rubuta a jikin galan, ba "ɗan ƙara kaɗan ya fi fita" ba, yawansa wahalar ɗauraya kawai yake jawowa. In babu shi a nemi sabulun ruwa marar kaifi. Sabulun sanda yana barin dafi-dafi a jikin ƙarfe, garin omo kuma yana maƙalewa a haƙoran fosef in bai narke ba. Dettol da Savlon da Izal ba abin wanki ba ne, ƙamshi ba tsafta ba ne.

Duk abin da ake kwancewa a kwance shi, ritirakta mai sukurori, bakin sakshan mai waya a ciki, komai a raba. A nutsa su cikin ruwan su jiƙu na mintunan da kamfanin sabulun ya ce. Sannan ka ɗauki burushi mai laushi na roba, ko sabon burushin haƙori da aka ware don wannan aikin kaɗai, ka bi kaya ɗaya bayan ɗaya. Goga a ƙarƙashin ruwa ake yi, hannu da burushi da kaya duk a nutse, in ka ɗago sama kana gogawa feshi kake wa fuskarka da ta maƙwabcinka. Wurare uku nake so ka sa wa ido a jikin kowane fosef, haƙoran baki, mahaɗar tsakiya, da haƙoran makulli na wajen yatsu. Bi haƙoran baki da burushi ta yadda layinsu ya tafi, mahaɗa kuma ka riƙa buɗewa kana rufewa cikin ruwa kana gogawa har ka ga ruwan da ke fita ba ja. Abu mai rami a zura masa siririn burushi daidai faɗinsa har ya ɓullo ta ɗaya bakin, sannan a tura ruwa da sirinji sau da yawa. Soson ƙarfe haramun ne a nan, haka Vim da toka da yashi, na taɓa ganin wata baiwar Allah tana dirzar kidni dish da soson ƙarfe kamar tukunyar tuwo, yana ƙyalli kam amma ta kankare fatar da ke hana shi tsatsa. Ruwan wanki da ya canza kala a zubar a sake, burushin ma a wanke shi a shanya bayan aiki.

Wanda Allah ya hore wa injin oltirasonik, mai girgiza ruwa da sauti yana ɓalle dattin lungu, sai an fara cire babban datti da hannu kafin a sa, a ware bakin kaya, a rufe murfi, kar a cakuɗa ƙarfe iri daban-daban a zubi ɗaya, kuma kar a sa abu mai gilashin hangen ciki. Manyan asibitoci masu injin wanki na musamman shi yana wankewa ya ɗauraye da ruwa mai zafin digiri 90 na minti ɗaya, amma ko shi in ka cusa masa fosef a rufe haka zai dawo maka da shi.

Na huɗu, ɗauraya da busarwa

Ɗauraya sosai har santsin sabulu ya tafi. Matsalarmu ruwan burtsatse, wani yana da gishiri-gishiri da farar ƙasa, yana bushewa ka ga fari-fari a jikin kaya, in da hali ɗaurayar ƙarshe a yi ta da distil wata, wato ruwan da aka tace ta hanyar tururi. Busarwa kuma da ƙyalle mai tsafta marar gashi, rami a hura masa iska da busasshen sirinji. Kar a baza kaya a taga ko a tsakar gida wai rana ta busar, ƙura da ƙuda sun gode.

Na biyar, dubawa

Wannan shi ne matakin da na tsallake ranar da sista ta kama ni. Samu haske mai kyau, in akwai gilashin ƙara girma ya fi, ko fitilar waya ce haska. Duk wanda ka ga ɗigon datti a jikinsa ya koma sinki, ba a kankarewa da farce a wuce. In ka ga ja-ja kana shakka tsatsa ce ko tabo, goga da abin goge fensir, in ya fita ƙarfen na sumul tabo ne, in ka tarar da rami a ƙasa tsatsa ta ci, cire shi daga seti don tana yaɗuwa ga sauran.

Sai gwajin aiki. Almakashi ya yanka gozi har tsininsa ba tare da ya tauna ba. Fosef ka rufe ka ɗaga saitin haske, bakin ya haɗu ba gibi. Atari fosef ka sa shi a haƙorin makulli na farko ka ɗan buga shi a gefen tebur, in ya ɓalle da kansa to haka zai ɓalle a kan jijiyar mutum. Nidil holda ka kama allura da shi ka gwada juya ta da yatsa, in tana juyawa bakin ya cinye. Mahaɗar da ta yi tauri a ɗiga mata man kayan tiyata wanda tururi ke ratsawa. Man keken ɗinki da baselin da man gyaɗa kar su kusanci wurin, suna lulluɓe ƙarfe su hana tururi taɓa shi, ka koma gidan jiya.

Na shida, naɗi

Jera kaya bisa takardar lissafin setin, ka ƙirga, ka sa hannu. Komai a buɗe, kar a kulle makullin fosef ko ɗaya, in an kulle tururi ba ya shiga tsakanin haƙora kuma zafi na iya tsaga mahaɗar. Kwanuka da galifot, wato ƙananan kofunan ƙarfe, kar a kifa su cikin juna ƙam, a sa gozi a tsakani. Masu tsini a rufa musu baki kar su huda naɗi. Tire kar ya yi nauyin tsiya, in ya haura kilo 11 raba shi biyu, mai nauyi ba ya bushewa. A sa ɗan katin gwaji a tsakiyar kayan, wurin da tururi zai fi wahalar kaiwa, sannan a naɗe ninki biyu da ƙyalle ko takardar naɗi, a ɗaure da tef ɗin otokilef, banda fil banda filasta. Ƙyallen naɗi a wanke shi bayan kowane amfani, a ɗaga shi a haske, mai huji a ajiye shi. A jikin tef ake rubutu, sunan seti, kwanan wata, lambar zubi, da sunan wanda ya naɗa. Masu amfani da ledar nan mai takarda a baya kar a cika ta taf, kuma kar a yi rubutu a ɓangaren takardar, biro na hudawa. Masu diram kuma, wato gwangwanin ƙarfe mai murfi da ake zuba kaya a ciki, a buɗe ramukan gefe kafin a sa a inji, ana fitowa a rufe, na sha ganin diram ya shiga a rufe ya fito a rufe an ce an yi sitaralaizin.

Na bakwai, otokilef

Tun 1879 Charles Chamberland, wanda ya yi aiki da Louis Pasteur a Faransa, ya ƙera wannan tukunya, kuma sirrinta bai canza ba, tururi ne a matse. Abokin gabarta iska. Duk inda iska ta maƙale tururi ba ya shiga, zafin wurin ba zai kai ba ko mita na nuna ya kai. Shi ya sa ba a cusa kaya kamar buhun gero a motar kasuwa, a bar tazarar da hannu zai wuce tsakanin naɗi da naɗi, kar su taɓa bangon injin, ledoji a jera su a tsaye ta gefe, kwanuka a karkace don ruwa ya zube, kayan ƙyalle a sama na ƙarfe a ƙasa.

Lissafin da aka saba, a digiri 121 na ma'aunin Selsiyos da matsi 15 a mitar fam, kaya naɗaɗɗu minti 30, marasa naɗi minti 20. Injin da ke zuƙe iska da kansa kafin ya saki tururi yana aiki a digiri 134 na minti 3 zuwa 4. Duba littafin injinku don kowanne da halinsa. Abin da ake yawan kuskurewa, ƙirga lokaci yana farawa ne daga sanda zafi da matsi suka kai, ba daga sanda ka kunna ba. Masu ƙaramin otokilef irin na tukunya da ake ɗorawa a kan gas ko risho, a zuba distil wata daidai alama, a bar bututun iska a buɗe har tururi ya riƙa fita da ƙarfi ba yankewa na 'yan mintuna, sannan a rufe, matsi ya hau, sannan a duba agogo.

In nepa ta ɗauke a minti na 20 fa? Daga farko za a sake. Babu wani "saura minti 10 in janareta ya tashi mu cike", zafi ya riga ya sauka, lissafi ya rushe. Na san da ciwo, musamman likita na tsaye a kanka yana tambayar seti, amma gara ya yi faɗa. In kun san wutarku ba ta da tabbas ku daidaita zubi da lokacin da janareta ke aiki.

Lokaci na cika kar ka yi garajen buɗewa, jira mitar matsi ta dawo sifili, tururin nan yana saɓule fata. A bar kaya su bushe a ciki, sannan a fito da su su huce aƙalla minti 30 a kan kanta mai raga, ba a kan sanyayyen tebur na ƙarfe ba kuma ba a ƙarƙashin fanka ko esi ba, don zufa za su yi. Naɗin da ya fito da laima ko ɗigon ruwa a ciki bai yi ba, laima hanya ce da ƙwayar cuta ke bi ta ratsa ƙyalle, a kwance a sake naɗi da busasshe a maida.

Ta yaya za ka san ya yi? Baƙin zanen tef yana gaya maka abu ɗaya ne tak, wannan naɗin ya shiga zafi, bai ce komai ya mutu ba, ni ce shaida. Katin ciki ya fi shi, mai buɗe seti ta duba shi kafin ta taɓa komai. Injin da ke zuƙe iska ana yi masa gwajin Bowie-Dick kowace safiya kafin zubin farko, babu kaya a ciki, in takardar ta fito da fari a tsakiya iska na maƙalewa, a kira injiniya. Gwajin da ya fi kowanne shi ne na 'yar kwalba mai ɗauke da sifo na wata ƙwaya mai taurin kai, Geobacillus stearothermophilus, a sa ta cikin zubi a fito a renata a injin ɗumi, in ba ta tsiro ba injin na kisa. Aƙalla sau ɗaya a sati ake so, da duk sanda aka gyara inji. Kuma a samu littafi, ko na sittin-sittin ne, kowane zubi a rubuta kwanan wata, kayan da ke ciki, zafi, matsi, lokaci, sakamakon gwaji da sa hannu. Ranar da ciwon wani ya ruɓe aka fara neman mai laifi littafin nan ne zai yi magana.

In babu otokilef

Oba ta busasshen zafi tana yi wa kayan ƙarfe da gilashi, digiri 160 awa 2, ko 170 awa 1, daga sanda zafin ya kai, kuma ba a buɗe ƙofa a tsakiya a ƙara wani abu. Roba da ƙyalle ba sa shiga. Kayan da ba sa jure zafi akwai ruwan gulutaraldehaid kashi 2, wanda muka fi sani da Cidex, minti 20 kashe ƙwayoyi mai ƙarfi ne kawai, sitaralaizin sai ya yi awa 10 a nutse, a busar da kaya kafin a tsoma kar su tsinka maganin, a ɗauraye da ruwan sitaral bayan an tsame, a rubuta ranar da aka haɗa shi don yawancinsa kwana 14 yake yi, kuma a ɗaki mai iska da murfi a rufe don yana cin ido da ƙirji. Tafasawa minti 20 daga sanda ruwa ya fara tafasa, murfi a rufe komai a nutse, tana kashe da yawa amma ba ta gamawa da sifo, ta asibitin ƙauye ce da ba shi da wata hanya, ba a buɗe cikin mutum da kayan da aka tafasa kawai in akwai zaɓi. Zuba sifirit a tire a ƙyasta ashana kuwa wasan wuta ne, lalata kaya kawai yake. Duk waɗannan ma sai bayan wankin nan na sinki, babu wadda ke ɗauke shi.

Ajiya

Kabad mai ƙofa a busasshen ɗaki, nesa da sinki da taga, kanta ta ƙasa ta ɗaga daga daɓe kamar tsawon taƙi guda saboda ruwan mofa, kar a jingina kaya da bangon waje mai yin sanyi da damina. Sabon zubi a baya tsoho a gaba, kar a danne naɗi da naɗi har na ƙasa ya baje. Lokacin hunturu a riƙa goge kabad akai-akai, ƙurar nan ba ta jin ƙofa. Kafin a buɗe kowane seti a juya shi a duba, in ya huje, ko ya jiƙe, ko tef ya ɓalle, ko ya faɗi ƙasa, ya koma baya ko da jiya aka yi shi. Sai dogon fosef ɗin nan na ɗauko kaya daga diram da ake tsomawa a kwalbar Dettol ko Savlon sati guda ba a canza ba, shi ma a sa shi a layi, a wanke shi da kwalbarsa a yi musu otokilef kullum a ajiye shi a bushe, in da hali ma a naɗe shi shi kaɗai a buɗe sabo duk sanda za a shiga diram.